Wa Ya Fara Kira

A ɗakin jiran asibiti, wata dattijuwa ta tare wani matashi mai jaririya a kafaɗa.

"Malam, mun riga ka zuwa. Don ka rungumo jinjira sai ka tsallake layi?"

"Mama, ma'aikaciyar ce ta kira ni."

"Mu kuma mu bushe a nan ko?"

"Ki yi haƙuri. Tun da aka haife ta komai ke zo min da sauƙi. Mahaifiyata ma shekara huɗu tana fushi da ni, yanzu kullum sai ta bugo ta ji kukan jikarta."

Dattijuwar ta dubi jaririyar.

"Ita ta fara kira?"

"Ita."

"Nawa ɗan ma, da ba ma magana, an yi masa haihuwa watan jiya." Ta janye ƙafarta daga hanya. "Wuce. Amma da ta kira, me ta fara cewa?"