Tsohon da Ake Harbi ta Baya

A wani shagon kayan wasan kwamfuta da ke kasuwar Yongsan, wani tsoho ya kafa hedifon ɗin gwaji a kai ya ƙi cirewa, wata budurwa tana bayansa tana jira.

"Baba, saye za ka yi ko kwana?"

Ya zare kunne ɗaya. "'Yata, wanne ne ke sa mutum ya ji takun mai zuwa ta bayansa? Kullum a wasan ta baya ake harbe ni."

"Wannan da ka saka ai ƙara ce kawai. Gwada baƙin can, sautinsa zagaye kai yake yi."

Ya saka, ta kunna masa wasan. Can sai ya waiwaya a firgice, har ya kusa ture kantar shagon.

"Kai! Wallahi na ɗauka mutum ne a bayana!"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "To wa ke kashe ka haka? Jikanka?"

"Wane jika? Matata! Tsohuwar nan ba ta da tausayi. Wanda aka ci kuma shi ke wanke tukwane, dubi hannuna."

"Yau ka rama ke nan."

Ya ɗaga wa mai shago yatsu biyu. "Irinsa biyu."

"Haba Baba! In ka saya mata ai ka koma gindin tukwane."

"Ƙyale ta. Tun da gwiwa ta hana ta fita, ba ta dariya sai ta kayar da ni. Ni dai in ji zuwanta, in san lokacin faɗuwa."