Alamar Alli a Ƙofofinmu

Mai girma shugaban wannan taro, shugaban ƙungiyar unguwarmu da mataimakansa, babban jami'in 'yan sanda da ya bar aikinsa ya zo, malamanmu, iyayenmu mata, matasanmu da kuke tsaye can baya saboda kujeru sun ƙare, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. Ba ni cikin jerin masu jawabi, ni na roƙa, domin akwai nauyin da na gaji da ɗauka ni kaɗai.

Kun san ni. Shekara talatin da biyu na yi ina raba wasiƙu a kan keke, har yaran da aka haifa bayan na yi ritaya Baba Mai Wasiƙa suke ce mini. A duk shekarun nan ban taɓa tambayar abin da ke cikin ambulan ba. Nawa in kai, kuma da wannan nake alfahari. To, wannan halin ne ya kai ni ya baro.

Na farko, ga yadda abin ya faro. 'Yata ta buɗe mini imel don in riƙa ganin hotunan jikoki. Wata biyu da suka wuce, wani tsohon abokin aikina ya turo mini saƙo, an rubuta a samansa da manyan baƙaƙe wai gargaɗi ne daga 'yan sanda. Saƙon ya ce 'yan fashi na zagayawa da rana, suna zana da'ira da alli a ƙofar gidan da za su shiga. A ƙasa aka ce, "Tura wa duk wanda kake ƙauna." Ba sunan gari, ba kwanan wata, ba sa hannun kowa. Amma ban tsaya ba. Na je shagon buga takardu aka fitar mini da guda sittin, na bi ku gida-gida na miƙa muku hannu da hannu. Ina tuna wata baiwar Allah da ta ce, "Baba, da wani ne ya kawo da ban yarda ba, amma tunda kai ne, shi ke nan."

Na biyu, ranar Talatar nan da kowa ke son ya manta. Ma'aikacin feshin maganin sauro ya shigo layinmu. Ƙa'idar aikinsu ce, duk gidan da aka fesa sai a yi masa alama da alli, don kada abokin aiki ya maimaita. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Ba na gida lokacin da matata ta buɗe masa ƙofa, ya fesa ɗakunanmu, ta ba shi ruwa ya sha. Da hantsi na dawo, na ga da'ira a ƙofata, na hango mutum gida uku gaba da alli a hannu. Tankin feshi na goye a bayansa, jama'a, ƙiri-ƙiri, amma ni allin kawai na gani. Aka yi ihun ɓarawo. Kuna ta tambayar wanda ya fara. Ni ne.

Ya ɗaga katin shaidar aikinsa sama yana cewa, "Ku tsaya, don Allah ku karanta!" Ba wanda ya karanta. Matata ta fito ko takalmi babu tana cewa, "Malam, mai feshi ne!" Kafin muryarta ta ratsa taron, an karya masa hannun dama wuri biyu, kunnensa na hagu kuma har yau ba ya ji. Ga jami'i nan zaune, shi ya shaida mana cewa ofishinsu bai taɓa fitar da wannan gargaɗi ba.

Na uku, kuma shi ne ya tsayar da ni a nan: abin bai ƙare ba. Wani daga cikinmu ya ɗauki hoton mai feshin yana kwance cikin jini. Makon jiya saƙon ya sake dawo mini daga wani gari mai nisa, kalma da kalma, sai dai yanzu an liƙa hoton, an ƙara layi ɗaya: "Ga ɗayansu an kama." Da aka sallame shi daga asibiti ya shiga shagon magani, mai shagon ya dubi wayarsa, ya dube shi, ya fara kiran mutane. Da ƙyar ya sha. Tun ranar bai leƙa waje ba. Mai gidan da yake haya ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya tashi, da matarsa da 'ya'yansa uku. Saura kwana tara.

Na rubuta gyara na tura wa mutum arba'in. Biyu ne kacal suka tura gaba. Kaico! Abin tsoro muna rige-rigen yaɗa shi, gaskiya kuwa ta yi mana nauyi.

Don haka ina roƙonku, ba don ni ba. Kafin ku tashi daga kujerun nan, duk wanda ya tura wancan saƙo ya tura gyaransa ga mutanen da ya tura wa, ya sa cikakken sunansa a ƙasa. Shugabanni su je wurin mai gidan hayar gobe, kada a bari sai jibi. Wanda ya ɗauki hoton kuma, ba zan kama suna ba, ya san kansa.

Jiya na je neman gafarar mai feshin. Na durƙusa, ni da a haife na haife shi, ya sa hannunsa mai lafiya ya ɗaga ni. Ya juyo mini da kunnen da ke ji, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Baba, na yafe. Hannu zai warke. Amma fuskar nan fa, ina zan kai ta?"

Wannan tambayar ce na kawo muku.

Allah ya ba shi lafiya, ya wanke sunansa. Allah ya yafe mana abin da hannuwanmu da bakunanmu suka aikata, ya tsare 'ya'yanmu daga irin wannan rana, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.