Shinkafata ta bi ƙaiƙayi

Assalamu alaikum Malam, sannu da aiki. Ni ce Hajiya Rabi daga Koki.

Bana da soja suka sauka daga mulki, ƙungiyarmu ta manoma ta samu injin girbi. Direban ya fito daga gonar waken suya ya faɗa shinkafata, bai canza rariyar injin ba, bai rage iskar fanka ba. Na yi magana, ya ce, "Hajiya, inji ya san aikinsa."

Yana gamawa ya roƙi ƙaiƙayin, wai shanunsa zai ba. Sai ga matansa da faifai. Na damƙo ƙaiƙayin na hura, shinkafa ta cika min tafi!

Masana inji, don Allah ku faɗa min, mantuwa ce wannan? Tun yaushe ake yi wa saniya shiƙa?