Rigar da Zainab Ta Ɗinka

Assalamu alaikum Malam. Maman Zainab ce daga Kurayyat, Jidda. A yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya.

'Yata Zainab gurguwa ce. Cibiyar naƙasassu ta koya mata ɗinki, ta samo mata aiki a shagon kayan amare. Wata uwar amarya ta zo karɓar riga, ta hango ta a keken guragu. Ta ce, "Wannan ce ta ɗinka? Halas, shi ke nan, na fasa, kada jikana ya fito haka!" Mai shagon ta jefa wa Zainab rigar a cinya, ta sallame ta.

Jiya na tarar tana warware ɗinkin rigar, ko hawaye babu. Ta ce, "Umma, hannuna nake cirewa."

Malam, me zan ce mata?