Tukunyar Tsohuwa Hodalo

BOADU: Halo? Maa? Ni ne, Boadu. Kina ji na?

MAA: Wa? Wace irin lamba ce wannan mai tsawo haka?

BOADU: Ɗanki ne, Maa. Layin Togo na saya. Ina wuni?

MAA: Boadu! Lafiya lau, ɗan albarka. Ya aikin Ubangiji? Ya Fasto Antwi da sauran matasan? Ba wanda ruwan can ya ɓata wa ciki?

BOADU: Duk lafiya. Ya Kumasi? Ya ƙafar taki?

MAA: Ƙafa da sauƙi. Ruwa ake ta yi, rufin kicin sai yoyo. Kana cin abinci? Yajin shito da na ɗura maka bai ƙare ba?

BOADU: Tun a mota suka cinye shi. Tuwon dawa muke ci safe da yamma, har na saba. Maa, akwai maganar da...

MAA: Tsaya in fara ba ka tawa. Ranar Laraba a zumuntar mata na tashi na ba da shaida. Na nuna musu hoton da ka turo. Na ce ga ɗana, ga tsohuwar da ta shekara saba'in tana bauta wa tukunya, ga tukunyar a hannunsa ta miƙa masa. Mata har da kuka. Anti Gyamfua, wadda ta ce yawon buɗe ido kawai kuka tafi, bakinta ya mutu murus.

BOADU: Kin nuna musu hoton?

MAA: Waya sai da ta zaga benci-benci. Dattawa sun ce ka taho da tukunyar, ran Lahadin da kuka dawo za a fasa ta a gaban ikkilisiya. Har sabon zane na kai ɗinki.

BOADU: Maa, ba za a fasa ta ba.

MAA: Ba za a wanke ta ba? Wa ya ce a wanke? Fasawa na ce.

BOADU: Na ce ba za a fasa ba. Ki zauna in kina tsaye.

MAA: A zaune nake. Me ka yi?

BOADU: Kin san tsarinmu a nan. Fasto ya ce ban da wa'azi a bakin hanya, ban da lasifika. Kowa a ba shi gida ɗaya, ya je ya yi abota da mutanen gidan, ya taya su aiki, ya ci abin da suke ci, sai sun tambaya da kansu sannan ya yi maganar Yesu. Ni aka ce in je gidan da ke bayan kuka. To, kuka biyu ce a unguwar.

MAA: Ina ji.

BOADU: Na shiga gidan kukar farko. Na tarar da tsohuwa ita kaɗai, Hodalo sunanta, ga tukunya a bakin ƙofa duk gashin kaza ya manne mata. Na ce a raina, yauwa, na zo gidan. Ta yi zaman gonar koko a ƙasarmu tana yarinya, tana jin yarenmu kaɗan-kaɗan. Na ce na zo taya ta aiki. Ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mini tsintsiya.

MAA: Ta miƙo maka me?

BOADU: Tsintsiya. Daga nan kullum da safe sai in share gida, in ɗebo ruwa a rijiya, in faskara itace, in yi mata noman dawa, in wanke zannuwa...

MAA: Layin nan ya lalace. Na ji kamar ka ce wanki.

BOADU: Wanki na ce. Da yamma mu zauna mu ci tuwo kwano ɗaya, sai ta ce in ba ta labari daga littafin nan nawa. Na ba ta na Yunana. Ta riƙe baki, ta ce kifi ya haɗiye mutum? Ya fito kuwa? Ta ce kar in faɗa mata yau, in dawo gobe bayan na gyara katangar awaki.

MAA: Ka ga ikon Allah.

BOADU: Ki dai bari. Lahadin farko mun tafi wani ƙauye da fasto. Jiya ce Lahadin da ta yarda za ta bi ni coci. Na ɗauko mata kujera a ka, ina tafe ina rera waƙa. Muka isa da sassafe, ƙofa a kulle. Na ce ta yi haƙuri mu jira mai makulli. Sai ta kwance bakin zaninta.

MAA: Kar ka ce mini...

BOADU: Ta ciro makullin, Maa. Ta buɗe. Ta ce in fara share wajen bagade, can ne ƙura ta fi taruwa.

MAA: Wayyo ni.

BOADU: Ita da marigayi mijinta suka gina cocin da hannunsu. Ita ta koya wa faston garin karatun Littafi yana yaro. Da aka fara sujada ita ta ɗaga waƙa. Aka ce ta yi addu'ar rufewa, ta gode wa Allah da ya aiko mata baƙo mai ƙarfi, ta kawo Yunana har da sura da aya.

MAA: Tukunyar fa?

BOADU: Kazarta ce ke ƙwai a ciki. Tukunyar ta tsage, tsohuwar ta ce dama tana neman mai fitar mata da ita. Na yini ina addu'a a kanta, tana zaune tana cewa amin.

MAA: Boadu, ka kashe ni. Da wace fuska zan shiga zumunta? Gyamfua za ta yi shekara tana kukan kaza in na wuce. Ji nan. Tukunya tukunya ce. Ka naɗo ta a zane ka taho da ita. Wa zai je Togo ya tambayi kaza?

BOADU: Maa, mu goma sha huɗu ne. Tun jiya Fasto Ƙwai suke kira na. Kuma ba zan tsaya gaban bagade in yi ƙarya ba.

MAA: To, wannan tsohuwar ba ta tsoron Allah? Dattijuwar coci guda!

BOADU: Na tambaye ta. Na yi fushi sosai. Ta ce ban taɓa tambayar ta ko ta san Yesu ba, na ga tukunya ne kawai na yanke hukunci. Ta ce 'ya'yanta duk suna Lome da Abijan. Mutanen coci su gaishe ta ran Lahadi, su karɓi makulli, shi ke nan sai wata Lahadin. Ta ce tun rasuwar mijinta ba wanda ya sa hannu a kwano ɗaya da ita sai ni, kuma ta san ranar da na gane Kirista ce zan ɗauki littafina in koma gidan maƙwabci. Gaskiya ta faɗa, Maa. Da na gane, da na tafi. Kunya ta kama ni, yau da safe na koma na ɗebo mata ruwa.

MAA: Hmm.

BOADU: Maa? Layin ya yanke?

MAA: Bai yanke ba. Laraba zan tashi in gyara shaidata. Gyamfua ta yi dariyarta ta ƙoshi. Ka mayar wa kaza tukunyarta.

BOADU: Na gode, Maa. Na san abin da...

MAA: Ban gama ba. Shekara ashirin da biyu kana gidan nan, ko cokalin da ka ci abinci ba ka taɓa ɗaurayewa ba. Ashe ka iya shara. Ashe ka iya wanki. Tun da babanka ya rasu, Litinin taron matasa, Talata koyon waƙa, Alhamis addu'a, ka shigo ka ɗauki fufunka ka shige ɗaki da waya. Ni kaɗai nake ci, rediyo ke taya ni hira. To, daga yau ni ma ban san Yunana ba. Akwai tsohuwar tukunya a bayan kicin, yanzu zan fito da ita bakin ƙofa in manna mata gashin kaza.

BOADU: Haba, Maa. Ni ban san cewa ke ma...

MAA: Ba ka san me ba? Halo? Boadu? Katin ne ya ƙare? Halo? To. Gidanmu dai ba bishiyar kuka, ba ka da hujjar ɓata.