Ranar da na fita neman Yaya Dije

Madam Lin ce ta fara gaya mini kalmar nan, 'yar Cainar da na yi wa aiki a unguwar Abhur ta Jidda. Ke Rabi, ajiye wayar nan ki saurara.

Keken ɗinkina na sayar na zo Jidda, kuma Yaya Dije ce ta karɓe ni a unguwar Bani Malik. Ranar da aka bugo aka ce tana kwance, ko ruwa ba ta iya sha, iƙamata, takardar izinin zamana, tana hannun kafili mai tsaya mini, wai sabuntawa. Wata uku ban leƙa titi ba don tsoron kamu. Na share falo sau uku, na wanke tukunyar da na riga na wanke, zama ya gagare ni.

Ita kuwa Madam tana kan kujera, malaminta na cikin waya yana koya mata Turanci, yana yi mata bayani da Cainanci. Kalma ɗaya take ta nanatawa: "Yubikwitas, yubikwitas."

Na ce, "Madam, sunan magani ne?"

Da ɗan Larabcinta mai kama da nawa ta ce, "La, Mama. Abu ne fi kulli makan, ko'ina akwai shi." Ta ce malam ya ce ta kawo misali uku. Ta samu kyanwa, kun san kyanwoyin Jidda, ta samu leda. Na ukun ya ƙi zuwa. Sai ta ja ni taga, ta nuna mini wasu mata biyu baƙaƙe cikin abaya, suna tafe da ƙunshi a ka. Ta ce, "Ku."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Da kyanwa za ki haɗa mu?"

Ta ce, "Malish, yi haƙuri. Kullum ina ganinku, amma ban taɓa duba fuskar ɗaya ba."

Kunya ce ta sa ta faɗa, har kunnuwanta suka yi ja. Ni kuma wani abu daban na ji. Ashe wata ukun nan ina ɓoye fuskar da ba mai dubawa. Ban ce ku yi koyi da ni ba, an kama waɗanda suka fi ni wayo. Amma Yaya Dije ɗaya ce gare ni.

Da gari ya waye na dama kunu a fulas, na sa abaya, na ɗora ƙunshi a ka. Na ce wa Madam, "Yau ki dafa shinkafarki da kanki." Na buɗe ƙofa, na bi bayan wasu mata uku da ban sani ba.