Daren da Iliya Ya Ƙi Bin Idon Ogansa

Zumuntar mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ku yabi Ubangiji!

Kun san ɗana Iliya, mataimakin direban jirgin sama. Farkon damina ya dawo mini gida Narayi, wai hutu aka ba shi. Wane irin hutu ne mutum ba ya cin abinci? Waya ta yi ƙara, sai ya zaga bayan gida yana magana ƙasa-ƙasa. Ban yi boko ba, amma kunnena ba ya barci. Na ji an ce bincike, na ji an ce dakatarwa.

Ba wanda ban zarga ba. Na zargi giya, har rigunansa na shinshina. Na zargi dangin ubansa na ƙauye. Maƙwabciyata Maman Chinedu ta ce, "Maman Iliya, direbanmu ba ya tashi ne kwana biyu?" Na ce a raina, wa ya aiko ki?

Wata safiya na durƙusa a kicin ina kuka: "Uba, kai ka ɗaga yaron nan sama, ka buɗe mini bakinsa!" Ina ɗago kai, ga shi tsaye bakin ƙofa.

Ya ce, "Mama, zauna ki ji."

Ashe suna saukowa ne da dare, iskar hadari tana jijjiga jirgin. Suna hangen fitilun filin jirgin daga nesa, sai ogansa, babban direban, ya ce da ido za su sauka, ba da na'ura ba. Ƙarƙashinsu kuwa baƙi ƙirin, ko wuta ɗaya babu. Sai na'ura ta hau ihu, wai sun yi ƙasa da yawa. Oga ya ce, "Rabu da ita, iska ce ke ruɗa ta. Ga fitilu nan ina gani."

Iliya ya roƙa a koma sama, oga ya yi banza da shi. Sai ya karɓi tuƙin, ya ɗaga jirgin, suka zagayo suka sauka lafiya. Washegari oga ya kai ƙara, wai yaro ya tsorata ya yi masa rashin kunya.

Na ce, "Anya ba ƙanensa yake so ya ɗora a kujerarka ba?"

Ya ce, "Mama, kin fara ko?"

Muka shiga azumi. Ashe jirgi yana da abin da ke naɗe duk magana. Masu bincike suka saurara, suka auna, suka ga saura ƙiris jirgin ya shafi kan itatuwa, ga shi cike da 'ya'yan mutane. Haleluya! Ranar Litinin Iliya ya koma aiki.

Ogan wai ya aiko mini da gaisuwa. Na amsa, amma ku taya ni addu'a, don har yanzu hankalina bai kwanta da mutumin nan ba.

Na gode wa Yesu. 'Yan'uwana, ku dogara gare shi, yana ganin abin da ke cikin duhu. Amin!